Inganta Naman Kaji ta Hanyar Abincin da Muke Ba Su



An nemi mu yi tsokaci a kan kiwon kaji, kasancewar matasanmu da matan aure da dama sun rungumi wannan sana'a. Masana sun sha yi mana bayani a kan rigakafi da tsabtar akurki, don haka za mu ɗauki wani ɓangare da ba a cika tattaunawa ba, wato irin man da ke cikin naman kaza, da yadda mai kiwo ke da ikon sauya shi.

Da farko, ba kowane mai ne abokin gaba ba. A shekarar 1929 wasu masana biyu, mata da miji, George da Mildred Burr, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, suka gano cewa akwai nau'in mai da jiki ba ya iya ƙerawa da kansa, dole sai daga abinci. Daga cikinsa akwai dangin da ake kira omega-6 da omega-3. Na farkon yana da yawa a masara da gyaɗa da riɗi, ba mu da ƙarancinsa. Na biyun, wanda ƙwaƙwalwa da ido ke bukata, musamman ga jariri tun yana ciki, ya fi yawa a kifin teku irin su titus da sadin. Ya yi suna ne a shekarun 1970, lokacin da likitoci biyu 'yan Danmak, Bang da Dyerberg, suka yi nazarin abincin mutanen tsibirin Girinland, ko da yake masanan baya sun yi gyara ga wasu abubuwan da suka faɗa. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 250 a rana na irin wanda ke cikin kifi ya wadatar da baligi. To, mu da muke nesa da teku, gida nawa ne a garin nan ke cin kifin teku sau biyu a mako?

A nan kaza ta shigo. Saniya da tunkiya da akuya masu tuƙa ne; ƙananan halittun da ke cikin tumbinsu kan juya yawancin man da suka ci ya koma daskararren kitse kafin ya isa tsoka. Kaza kuwa ba ta tuƙa. Man da ta ci yakan wuce cikin jini kusan yadda yake, ya zauna a fata da cinya da gwaiduwar ƙwai, hantarta kuma ta juya wani kaso nasa ya koma irin na kifi. Ke nan mai kiwo, da hannunsa, shi ke tsara irin man da mai saye zai ci.

Akwai wani bincike da ya kamata ya sa mu ɗaga kai. A 1989 Dakta Artemis Simopoulos da abokin aikinta Norman Salem suka gwada ƙwan kajin wata gona a ƙasar Girka, waɗanda ke yawo suna tsince-tsince, da ƙwan kantunan Amurka. Na Girka ya ninka na kanti sau da yawa wajen omega-3. Cikin abin da kajin nan ke ci har da wani ganye mai kauri da ke shimfiɗe a ƙasa, wanda ba wani ba ne illa babba-jibji, ko harshen saniya, da muke nomewa mu zubar kowace damina. Kazar Hausa da ke yini tana cin ganye da gara da fara ta daɗe a kan wannan hanya ba tare da an karanta mata takarda ba. Matsalar tana ga kajin gidan gona, waɗanda ake tsarewa mako 6 zuwa 8 a kan masara da ƙuli-ƙuli kawai.

A ƙasashen da suka ci gaba, abin da aka fi zuba wa kaji don wannan manufa shi ne ƙwayar wani tsiro da Larabawa ke kira kittan, Habashawa kuma telba. Kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwayar mai ne, kuma fiye da rabin man omega-3 ne. Ana noma shi a Kanada da Rasha da Kazakistan da Habasha. Wasu kan yi amfani da man kifi, wasu da gansakukar ruwa. A 2016 kantunan Waitrose na Ingila suka fara sayar da naman kajin da aka ciyar da irin wannan gansakuka. Amma kowanne da iyakarsa. Kittan idan ya haura kashi 10 cikin 100 na abinci yakan rage girman kaza, ya sa kashinta yauƙi. Man kifi idan ya yi yawa sai naman ya ɗauki ƙarni, kuma babu uwargidan da za ta sake sayen kazar da ke warin kifi. Sannan irin wannan mai yana saurin lalacewa, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin E.

Mu kuwa ba mu noma kittan, kuma ba za mu ba wa mai kaji 100 shawarar ya sayo shi daga waje ba. Abin da ke hannunmu shi ne waken suya, wanda mansa ke ɗauke da kusan kashi 7 cikin 100 na omega-3, alhali man gyaɗa kusan babu. Sai dai lallai a soya shi ko a dafa kafin a niƙa, domin ɗanyensa yana hana 'yan tsaki narkar da abinci. Sai ɗanyen ganye, musamman babba-jibji, a rataya musu a akurki. Sai ɗan garin busasshen kifi mai tsabta, kaɗan ba da yawa ba. Ba sai an yi haka tun daga ƙyanƙyasa ba. Mako 2 zuwa 3 na ƙarshe kafin yanka su ne suka fi tasiri, wannan kuwa sauƙi ne ga aljihu. A riƙa haɗa abincin da za a cinye cikin 'yan kwanaki, a ajiye a inuwa, don zafin bazara na sa mai ya yi ɗaci.

Dole mu faɗi gaskiya: wannan haɗi namu ba zai kai na kittan ko na man kifi ba, kuma naman kaza, ko yaya aka inganta shi, abinci ne, ba maganin hawan jini ba. Kada wani ya daina shan maganin da likita ya rubuta masa. Haka nan idan aka tsoma kazar cikin man da aka soya ƙosai da shi sau uku, an yi aikin baban giwa. Farfesu da gashi sun fi kiyaye amfaninta.

Babban cikas shi ne kasuwa. Mai saye yana ɗaga kaza ne ya ji nauyinta, ba ya ganin abin da ta ci, saboda haka mai kiwo shi kaɗai ba zai ƙara kashe kuɗi ba. Muna ba kwamitin noma na ƙungiya shawara ya sayi waken suya a dunƙule lokacin kaka, a soya a niƙa wuri ɗaya, a sayar wa mambobi bisa sauƙi. A kuma rubuta wa Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, a nemi su auna mana ma'aunin haɗin da ya dace, a gwada shi a kan kaji 50 kafin taron baɗi.