Gao, Fadar Askiya a Bakin Kwara

Yau za mu leƙa Gao da ke arewacin Mali, tsohuwar fadar daular Songhai. Daga nan Sonni Ali ya faɗaɗa daular tun 1464, Askiya Muhammadu kuma ya hau gadon sarauta a 1493. Ayarin gishiri da zinariya sun sha sauke kaya a kasuwanninta. A 1591 sojojin Maroko suka zo da bindigogi, suka karya rundunar Songhai a Tondibi, tauraron birnin ya dusashe. Amma kushewar Askiya, ginin laka, tana tsaye har yau, UNESCO kuma ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2004. Jama'a, riƙon wannan gado amana ce a wuyanmu.