Jawabin malamin lakwal a taron ƙungiya: Man fetur da dajin Tarmit



Maganata ta yau a kan dajin Tarmit da Tin-Tumma ce, can gabashin Nijar. A 2011 kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya fara fid da man fetur a Agadem, ana tace shi a Damagaram. A 2012 gwamnati ta keɓe dajin, ta hana farauta cikinsa, saboda barewa da wata farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks.

To, rijiyoyin mai suka kawo hanyoyi, motoci da bindigogi. A 2016 masu ƙidaya suka zagaya, adaks 3 kaɗai suka gani. A 2019 aka canja iyaka, wajen rabin dajin ya fita daga kariya saboda mai.

Jama'a, takarda ba ta tsaron daji, mutane ke tsaronsa. Mu namu dajin shi ne gawo da goribar Dallol Boso. Ranar da baƙo ya zo Filinge da injin haƙa, ku tambaye shi abin da zai bar wa jikokinmu, kafin kowa ya sa hannu.

Allah shi ba mu damina mai albarka.