Cibiyar Jariri da Abin da Bincike Ya Gano

 

A shekarar 2022 jarirai kimanin miliyan 2.3 ne suka rasu a duniya kafin su cika kwana 28, kuma akasarinsu ko ranar suna ba su gani ba. A nan Najeriya, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa 39 cikin kowane 1,000 ke tafiya a wannan wata na farko. Cikin abubuwan da ke jawo haka akwai haihuwar bakwaini, da kasa numfashi wajen haihuwa, da ƙwayoyin cuta da ke shiga jini. Yau zan tsaya a kan ƙofa guda da cuta ke bi, wato cibiya.

Cibiyar da aka yanke ɗanyen rauni ce, kuma hanyarta zuwa jini gajeriya ce. Duk mun san yadda ake yi a gidajenmu. Kaka ta ɗumama tsumma ta gasa ta safe da yamma, wata ta shafa man goge baki, wata toka ko gishiri, burin kowa cibiya ta faɗi kafin suna. Ƙauna ce ke sa su, ba na shakka. Amma idan gindin cibiyar ya yi ja, ya fara wari ko ruwa, yaro ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, to a garzaya asibiti a ranar.

Luke Mullany da abokan aikinsa na Jami'ar Johns Hopkins sun bi jarirai fiye da 15,000 a gundumar Sarlahi ta ƙasar Nepal, inda yawancin mata a gida suke haihuwa. Aka raba su kashi uku: wasu a shafa musu maganin kuloheksidin, wasu a wanke da sabulu da ruwa, wasu a bar cibiyar ta bushe da kanta. Sakamakon ya fito a mujallar The Lancet a 2006. Mummunan ciwon cibiya ya ragu da kashi 75 cikin 100 ga waɗanda aka shafa wa maganin, mutuwa kuma ta ragu da kashi 34 ga waɗanda aka fara wa cikin awa 24 da haihuwa. Sabulu da ruwa kuwa bai hana komai ba. A 2012 bincike a Bangladesh da Pakistan ya ƙarfafa wannan.

Sai ga 2016, sakamakon gwajin da aka yi a Zambiya da tsibirin Pemba na Tanzaniya ya fito, ba a ga raguwar mutuwa ta a-zo-a-gani ba. A can mata da yawa asibiti suke haihuwa, mutuwar jarirai ma ba ta kai ta Sarlahi ba. Ɗalibaina, ku riƙe wannan da kyau: kafin ku ɗauki sakamakon bincike, ku tambayi a wane irin ɗaki aka haifi yaran. Ɗakunanmu na karkara sun fi kama da na Nepal, shi ya sa matakin da Jihar Sakkwato ta ɗauka a 2013 na raba maganin har gidaje ya yi daidai.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa tun 2015 an samu rahoton fiye da mutum 40 a ƙasashe 9 na Afirka da aka ɗiga wa maganin nan a ido bisa kuskure, har wasu suka makance, saboda mazubinsa ya yi kama da na maganin ido. Don haka ungozoma, idan za ki miƙa shi, kada ki miƙa a tsaitsaye. Ki zauna da mai jego da kakar yaron, domin ita ce mai wanka. Ki nuna musu da hannunki inda ake shafawa, ki ce ba ya kusantar ido, ki kuma gaya musu cibiya za ta iya ɗan jinkirta faɗuwa, kada su ga haka su koma wa tsumma da toka.