Injin wanki, indararo da kwatar ƙofar gida

Ƴan makarantun yaƙi da jahilci na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, barkanku da war haka. Ku jawo allo da alli kusa, don hirarmu ta yau akwai ɗan lissafi a cikinta.

Cikin birane kuna ganin samari masu wankin mota da babur riƙe da wani inji mai tiyo da dogon baki kamar bindiga. Wani da lantarki yake aiki, wani da mai. Ruwan da yake fesowa ya fi na pampo ƙarfi sau 30 ko fiye. In damina ta kusa, wasu masu gida sukan kira samarin nan su wanke musu bango da daɓe. To, ina injin yake da amfani, ina kuma yake ɓarna?

Bisa daɓen siminti, da ƙofar ƙarfe, da kwatar da aka gina da siminti, aikinsa na da kyau. Yana fid da gansakuka da baƙin mai da laka da ta bushe, abin da tsintsiya ba ta iyawa. Amma a bar tazarar santimetir 30 tsakanin bakinsa da wurin da ake wankewa. A fara daga sama a gangaro ƙasa. Kada a nuna shi ga mutum ko dabba ko da wasa, don yana yanka fata. Kada a nuna shi ga wayar lantarki. Kada kuma a hau tsani da shi, yana tura mai riƙe da shi baya.

Ginin ƙasa fa? Nan kam a'a. Bangon ƙasa yaɓe ne rigarsa, injin nan kuwa cikin minti ɗaya sai ya tuɓe yaɓen da magini ya wuni yana yi. Har bangon ƙasa da aka shafe da siminti bai tsira ba. Ruwa na shiga ta tsaga, ya laɓe bayan simintin, rana ba ta ganinsa balle ya bushe. Daga waje bango sumul, ciki kuwa ya jiƙe. Irin wannan bango tsintsiya da sabon yaɓe yake so.

Yanzu ga lissafin. Ku rubuta. Soro mai tsawon metir 5 da faɗin metir 4: 5 sau 4, 20 ke nan. In an yi ruwa milimetir 1, kowane metir ɗaya tsawo da faɗi yana samun litir 1. In an yi milimetir 50 a dare guda, abin da ba baƙo ba ne cikin watan Agusta, 20 sau 50 ya zama litir 1000. Tano 5 ke nan cike, nauyin kilo 1000, bisa kan iyalinku suna barci. In indararo na buɗe, ruwan ya wuce. In leda ko sheƙar tsuntsu ta toshe shi, ruwa ya kwanta, ƙasar rufi ta sha, azara ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta.

Ba mu manta daminar 2024 ba. Mutum fiye da 300 suka rasu a ƙasarmu, da yawansu gini ne ya faɗa musu. A Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni, wanda ya haura shekara 150, ya rushe a farkon watan Satumba. Ruwa irin na shekarar nan ya fi ƙarfin dabarar mutum, gaskiya ne. Amma sau da yawa ɗakin da ya faɗi, tun watan Mayu indararonsa yake toshe.

Don haka mai gida, ka hau soronka tun hadari bai fara haɗuwa ba. Ka share, ka liƙe tsaga, ka zura sanda cikin indararo. Sa'an nan ka zuba bokiti ɗaya na ruwa ka ga inda ya nufa. In ya tsaya wuri guda, nan akwai kwari, a cike shi. Indararo gajere yana zuba ruwa a gindin bango, ya ci shi sannu sannu. A sa dogo, a jera duwatsu inda ruwan ke faɗuwa.

Uwar gida, rariyar tsakar gida a hannunki take. Toka da ɓawon albasa da leda ba wurinsu ba ne.

Saura kwatar ƙofar gida. Inji ba ya fid da yashi da shara, tura su kawai yake yi ƙofar maƙwabci. Hauya da kwando ne aikin farko. Abin da aka kwaso a kai shi juji ran nan, don in an tara shi a bakin kwata, ruwan farko zai maida shi ciki. Ruwan da ya kwana 10 a kwance kuwa ya isa ƙwan sauro ya zama sauro, masassara ta shigo gida. Ku sa rana ɗaya da maƙwabta, tun daga kan layi har ƙarshensa.

Kafin hira ta gaba, kowa ya auna rufin ɗakinsa, ya lissafa tano nawa ruwan milimetir 50 zai zuba masa, ya kai wa malaminsa ya duba. Mu kwana lafiya.