RUWAN SAMA BA YA WANKE MOTA

Jawabin da wani tsohon direba ya gabatar wa direbobi da masu babura a ajin yaƙi da jahilci.

 

Akwai wata magana da nake yawan ji a tasha idan damina ta sauka. Sai ka ji direba ya ce wa yaron mota, "Bar wankin nan, ai Allah zai wanke mana." Ruwa kuwa ya sauko, saman mota ya yi fes, kowa ya ji daɗi. To, wanda ya faɗi haka bai leƙa ƙarƙashin motarsa ba. Ruwan sama rufi da gilas kawai yake taɓawa. Can ƙasa inda taɓo yake maƙalewa, ƙara masa danshi yake yi.

Mu nan kudancin Kano mun fi mutanen arewacin jihar samun ruwa. Yana fara sauka wajen watan Mayu, ya yi ƙarfi a Agusta, wani lokaci har Oktoba ana yi. Titin da ya tashi daga Kwanar Dangora ya bi ta Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Doguwa na kwalta ne. Amma abincinmu ba a kan kwalta kaɗai yake ba. Dole mu ratse cikin ƙauyukan Kiru da Bebeji, ko mu hau wajen Riruwai, mu ɗauko mutane da kaya. Can kuwa jar ƙasa ce, idan ta jiƙa kamar danƙo take kama ƙarfe.

Me ke kawo tsatsa? Abu uku ne idan sun haɗu: ƙarfe da ruwa da iska. Fenti shi ne rigar da ke raba ƙarfe da sauran biyun. Ba don ado kawai aka shafa shi ba. Ruwan da ya zuba a kan fenti yakan gangare ya bushe cikin ɗan lokaci. Amma taɓon da ya cika bayan taya da lungunan ƙarƙashin mota yana riƙe ruwa kwana da kwanaki. A nan tsatsa take fara cin ƙarfe daga ciki. Ranar da ka ga fenti ya kumbura kamar ƙuraje, ka sani ta riga ta yi nisa.

Yanzu bari in zo kan babban abin da ya sa na tsaya a gabanku, wato takin zamani. Da damina kowane mai a-kori-kura da mai kanta yana dakon taki zuwa gonakin masara da shinkafa. Buhu ba ya rasa ɓulewa. Takin zamani, ko Yuriya ko Kamfa, halinsa kamar na gishiri ne. Yana jawo danshi daga iska da kansa, ya narke, ya shige tsakanin katako da ƙarfe. Abin da taɓo zai yi wa bodi cikin shekaru, taki zai yi shi cikin ƙanƙanin lokaci. Na ga motocin da injinsu lafiya lau, amma ƙasan bodi ya rube har ana hango titi. Kuɗin walda da sabon fenti ya fi kuɗin lodin da aka karɓa nesa ba kusa ba. Saboda haka ka shimfiɗa leda ko tamfol kafin a yi lodi. Da an sauke, ka share bodi tun yana bushe, sannan ka kwara ruwa mai yawa. Kada ka bari ya kwana. Haka kuma idan ka ɗauko awaki ko shanu daga kasuwa, domin fitsarinsu da kashinsu ma suna cin ƙarfe.

Wajen wankin kansa, kuskuren yaranmu shi ne gaggawa. Sai yaro ya ɗauki busasshen tsumma ya hau goge taɓo. A cikin taɓon nan akwai yashi, kuma yashi kankare fenti yake yi. A fara kwara ruwa har taɓon ya jiƙa ya sauka da kansa. A fara daga sama a gangaro ƙasa. Tsumman taya daban, na jikin mota daban. Omo yana da kaifi, yana dusashe ƙyallin fenti, don haka idan shi ne da kai, ka sa kaɗan ka ɗauraye sosai. Kada a wanke fenti da fetur ko kananzir. Kada kuma a watsa wa inji ruwa yana da zafi, ko a jiƙa wayoyin wuta.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. A ƙasan kowace ƙofar mota akwai 'yan ƙananan ramuka da ruwa ke fita ta cikinsu. Idan laka ta toshe su, ruwa zai kwanta a cikin ƙofa. Ka sa tsinke ka buɗe su. Ka ɗaga shimfiɗar ƙafa ka shanya, domin fasinja da jiƙaƙƙun takalma suke shigowa. Inda dutse ya ƙwarzane fenti har ƙarfe ya fito, ka busar da wurin ka ɗiga masa fenti. In babu, ko giris ne ka shafa kafin ka je wurin mai gyara.

Masu babura, ku ma da ku nake. Bayan wanki a sa wa sarƙa mai, amma kada mai ya taɓa birki.

Sai maganar wurin wanki. Na san da yawanmu mukan tura mota cikin rafi ko bakin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, saboda ruwan kyauta ne. Ni dai ban goyi bayan haka ba. Baƙin mai da omo da ragowar taki duk cikin ruwan suke komawa, alhali mutane da dabbobi suna sha, masunta suna kamun kifi. Yaran da ke daɗewa tsaye cikin irin wannan ruwa suna iya kamuwa da tsargiya, wato fitsarin jini. Kuma a watan Agusta rafi yakan kawo ba zato, ko da a nan ba a yi ruwa ba. A ɗebo ruwa a bokiti, a wanke mota can nesa da gaɓa.

Duk sanda ka gama wanki ko ka ratsa ruwa, ka taka birki a hankali sau biyu ko uku kafin ka ɗauki gudu, domin jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa sosai. Ka goge fitilu da lambar mota, ka duba waifa.

Mai tambaya yana iya ɗaga hannu.