Baki a Kasuwa, Shiru a Taro: Tsoron Magana Gaban Jama'a a Kilomita Biyar

Laccar da aka gabatar gaban 'yan kasuwa, malaman Islamiyya da ɗalibai a unguwar Kilomita Biyar, Bangui

 

Duk wanda ya san kasuwar Kilomita Biyar ya san ba a rasa baki a cikinta. Mai atamfa zai tari mai saye da Sango, ya juya ya zolayi maƙwabcinsa da Hausa, ya amsa wayar direban da ya tsaya a iyakar Kamaru da Fulatanci, ya ƙarasa lissafi da Larabcin Cadi, duk kafin shayinsa ya huce. Amma a gayyace shi taro a ofishin gunduma ta uku, a miƙa masa makirufo ya faɗi damuwar 'yan kasuwa, sai labari ya sha bamban. Takardar hannunsa ta kama rawa, yawu ya ƙafe, murya ta shaƙe. Ƙarshenta ya ce wanda ya riga shi ya gama faɗin komai, ya nemi wuri ya zauna. Sai a hanyar komawa rumfa maganar ke dawo masa daki-daki.

Abin da ya same shi aikin jiki ne. Da idanu suka yi masa caa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka haɗari ne ya tunkaro, sai jiki ya saki sinadarin adiranalin. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki, narkar da abinci ya dakata, shi ya sa baki ke bushewa, ciki ya ɗuri ruwa. Tun a 1915 masanin Amurka Walter Cannon ya bayyana wannan shiri da jiki ke yi na faɗa ko gudu. Mai jawabi kuwa ba damar ɗaya daga ciki, dole ya tsaya cak, sai ƙarfin ya fita ta rawar hannu da gwiwa.

Masana sun tabbatar da ƙarfin wannan fargaba har sun mai da ita ma'auni. A 1993, Clemens Kirschbaum da abokan aikinsa a Jami'ar Trier ta Jamus suka fito da wani gwaji da ake amfani da shi har yau in ana son tayar wa mutum hankali a ɗakin bincike. Za a tsayar da shi gaban alƙalai masu ɗaure fuska, ya yi jawabin minti biyar, sannan ya riƙa cire 13 daga 1022 da ka, in ya kuskure ya koma farko. Babu bulala, babu bindiga, amma sinadarin damuwa yakan hauhawa a jikin mafi yawan lafiyayyun mutane.

Manya ma ba su tsira ba. Bayan Mahatma Gandhi ya dawo daga karatun lauya a Ingila a 1891, ya tashi a wata ƙaramar kotu a Bombay zai yi wa shaida tambayoyi, kansa ya juya, ko tambaya ɗaya ta gagara. Ya zauna, ya mayar da kuɗin aikin da aka biya shi. Ɗaliban Islamiyya kuma sun san a suratu Ɗaha cewa da aka aiki Annabi Musa, alaihis salam, wurin Fir'auna, ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshe, ya kuma haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna.

Sai dai a wannan unguwa akwai wani tsoron da rashin adalci ne a haɗa shi da na farko. Bayan harin da aka kai Bangui ranar 5 ga Disamba 2013 da abin da ya biyo baya, Kilomita Biyar ta zama mafakar ƙarshe ga Musulmin Bangui; ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa a 2015 kimanin 15,000 ne suka rage. A waje akwai masu farautar rai, a ciki kuma daga baya 'yan bindigar da suka ce kare unguwa suke yi suka ɗora wa 'yan kasuwa haraji, har abin ya kai ga ɗauki-ba-daɗin Disamba 2019. Wanda ya kame bakinsa a waɗannan shekaru hankali ya yi amfani da shi. Saboda irin wannan ne kotun duniya ta Hague take sauya wa wasu shaidu suna, ta jirkita muryarsu. Maganin wannan tsoro tsaro ne da shari'a. Matsalar ita ce shirun da aka koya lokacin wuta yakan zauna a jiki bayan ta mutu, har mutum ya kasa tashi a taron iyayen yara inda babu mai taɓa shi. Tambayar farko da mai fargaba zai yi wa kansa ita ce: in na yi magana a nan, me zai same ni? In amsar ba ta wuce jin kunya ba, to wannan tsoron horo ke maganinsa.

Akwai kuma matsalar harshe. Da yawa ba taron suke tsoro ba, Faransancin suke tsoro, kada su karya shi a yi musu dariya. Alhali tun 1991 Sango harshen hukuma ne kafaɗa da kafaɗa da Faransanci, kuma da su biyun Rediyo Ndeke Luka ke watsa shirye-shirye tun 2000. Dattijon da Hausa ce ta fi zama a bakinsa ya yi da Hausa, ya tsayar da tafinta a gefensa. Ba baƙon abu ba ne: a tafsirin azumi ma mutum biyu ne, mai jan baƙi da mai fassara.

Me ya sa za a wahalar da kai? Domin an ga abin da magana ta yi a ƙasar nan. A farkon 2014 Imam Umar Kobine Layama, da Akbishop Dieudonné Nzapalainga, da Fasto Nicolas Guérékoyame-Gbangou suka bi manyan biranen Turai da Amurka suna roƙon a turo dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma muryarsu na cikin waɗanda aka saurara kafin a kafa rundunar MINUSCA a watan Afrilun shekarar. Ranar 30 ga Nuwamba 2015, lokacin da unguwar nan take a kewaye, Imam Tijjani Musa Na'ibi ya tashi a babban masallacin Kuduku ya yi wa Fafaroma Francis jawabin maraba, kyamarorin duniya a kansa. A Fabrairun 2016 kuma, zaman da wakilan Kilomita Biyar suka yi ta yi da na unguwar Boeing ya haifi yarjejeniyar da ta sake buɗe hanyar maƙabartar Musulmi. A kowane zama sai da wani ya miƙe gaban fuskokin da bai yarda da su ba ya buɗe baki. Unguwar da ba ta da irin waɗannan mutane, wasu ne za su je su faɗi labarinta yadda suka ga dama.

To yaya ake horon? Abu na farko, mai jawabi ya san cewa jama'a ba sa ganin yawancin abin da yake ji. A 2003 Kenneth Savitsky da Thomas Gilovich suka nuna cewa masu jawabi kan zaci fargabarsu ta fito fili fiye da yadda masu kallo suka gani, kuma waɗanda aka sanar da haka tun kafin su tashi sun fi yin jawabi mai kyau. Bugun zuciyar da ke cika masa kunne, na sahun gaba ma ba ya jin sa.

Na biyu, a yi shiri da baki. Ɗan makarantar allo ba ya biya karatu a zuci, da ƙarfi yake yi har harshe ya saba. Mai jawabi ya tsayar da batutuwa uku, ya faɗe su a bayyane sau da yawa, ya haddace jimlolin farko kawai, domin fargaba ta fi tsanani a mintin farko, daga nan takan lafa. Haddace jawabi duka tarko ne: kalma ɗaya ta ɓace, sauran su bi ta.

Na uku, idan an tashi, a kafa ƙafafu, a ja numfashi a sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo. Sallama da salati da aka saba buɗe taro da su suna ba murya damar daidaita. A nemi fuskoki biyu ko uku masu gyaɗa kai, a yi magana da su kamar a rumfa.

Na huɗu shi ne maimaici daga ƙarami zuwa babba, kuma da shi likitocin ƙwaƙwalwa ke warkar da tsoro iri-iri. Gudun taro yana kawo sauƙi yau, gobe ya ƙara wa tsoron ƙarfi. Wanda abin ya kai shi ga rashin barci ko barin aiki, ya ga likita.

Mata na da ƙarin nauyi, don an raine su a kan cewa kunya ado ce. Amma kunya ba ta hana bayyana haƙƙi cikin ladabi. Mutanen Bangui sun ji Catherine Samba-Panza ranar 20 ga Janairun 2014, da aka zaɓe ta shugabar riƙon ƙwarya, tana kiran mayaƙan ɓangarori biyun da ke yaƙar juna 'ya'yanta, tana neman su ajiye makamai. Malamar Islamiyya da ke sa kowace ɗaliba ta tashi ta yi bayanin hadisi na minti biyu tana shirya masu irin wannan tsayuwa.

Shawarar da za a iya farawa da ita a makon nan ba ta cin ko sisi. Kowace ƙungiyar 'yan kasuwa, kowane aji, su ware rana ɗaya bayan la'asar: mutum goma, kowa minti biyu, a kan abin da ya sani, ko farashin siminti ne ko matsalar magudanar ruwa. A ɗauka da waya, mai magana ya kalli kansa. Masu saurare su faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da ɗaya da za a gyara, ban da dariya. Bayan wata uku, wanda ya fi jin tsoro a ranar farko shi za a tura ya wakilci ƙungiya a taron gunduma na gaba.