Gwamnan Inji da Mai Gadin Hanta

 Maganarmu ta yau a kan kuskure take, da irin tanadin da ake yi domin a tare shi tun bai girma ba, a cikin inji da kuma a cikin jikin ɗan Adam.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da janareto a lokacin da mai walda ya ɗora ƙarfe, ya ji yadda kukan injin kan yi nauyi kamar zai mutu, sa'an nan kafin ƙiftawar ido ya farfaɗo ya koma yadda yake. Abin da ya faru shi ne, wutar da muke amfani da ita a Nijeriya kai da komowa take yi sau 50 a kowane sakan, kuma ƙaramin janareto ba ya ba da wannan adadi sai yana juyawa sau 3,000 a minti guda. To idan kaya ya yi masa yawa gudunsa ya ragu, akwai wani ɗan ƙarfe da makanikai ke kira gwamna, wanda aikinsa shi ne ya ji raguwar, ya ƙara buɗe wa mai hanya daidai gwargwadon giɓin da aka samu. James Watt, mutumin Scotland, ya ɗora irinsa a kan injin tururi tun 1788. Haka lamarin yake ga wutar ƙasa baki ɗaya, wadda ake lura da ita daga cibiyar Oshogbo: ƙa'ida ita ce kada adadin ya fita daga tsakanin 49.75 da 50.25, domin idan ya yi nisa da faɗuwa ba a tare shi ba, tashoshi irin su Kainji da Shiroro sukan katse kansu don tsira da injunansu, ƙasa ta auka cikin duhu. Injiniya bai taɓa ɗaukar alkawarin inji marar kuskure ba. Iyakar hikimarsa ita ce ya sa wa kuskuren mai tsaro.

To, Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanar da mutum wannan dabara, ya riga ya ajiye wadda ta fi ta a cikin jikinsa. Kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da wani rubutu da masana ke kira DNA, mai haruffa kimanin biliyan 3, kuma duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu biyu wajibi ne a kwafe shi daga farko har ƙarshe. Mai kwafin yakan yi tuntuɓe, amma kamar yadda almajiri ba ya wanke allo sai malam ya duba rubutunsa ya gyara masa wasali da ɗigo, haka aka sanya masu bin sawu suna kankare harafin da bai dace ba, har abin da ke kuɓuce musu bai fi ɗaya cikin biliyan ba. A kan bayanin wannan gyara ne aka ba Tomas Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar, mutumin Turkiyya, lambar Nobel a 2015. Bayan waɗannan kuma akwai babban mai gadi da ake kira p53, wanda idan ɓarna ta yi yawa yakan hana ƙwayar rabuwa, in ta ƙi gyaruwa ya umarce ta da mutuwa. Ciwon daji, wato sankara, yana samun ƙofa ne sa'ad da kuskure ya faɗa wa masu gyaran su kansu, ƙwaya ta yi ta hayayyafa ba mai tsawata mata.

A nan ne zancen ya iso rumbunanmu. A 1960 talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil, bincike ya gano wata guba mai suna afulatoksin, wadda fumfuna ke fitarwa a jikin gyaɗa da masara idan aka adana su da danshi. A 1991 kuma masana da suka duba masu sankarar hanta a Sin da kudancin Afirka suka tarar gubar nan ba ko'ina take sara ba, wuri guda take nufa a rubutun p53, ta canja harafi ɗaya tak, mai gadi ya makance. Idan kuwa ta tarar da hantar da ƙwayar ciwon hanta nau'in B ta riga ta raunana, haɗarin yakan ninka ninkin-ba-ninki.

Abin da ya fi damuna, jama'a, wata al'ada ce da muke ɗauka tattali: a tsince gyaɗa mai kyau a kai kasuwar Gujungu, wadda ta yamutse ko ta yi baƙi mai ɗaci kuma a bar wa gida, a yi ƙuli-ƙuli da ita, yara su ci. Wannan ba tattali ba ne ko kaɗan, domin suya ba ta kawar da gubar, kuma ko saniya aka ba, wani kaso yana fitowa a nono.

Saboda haka a shanya amfanin gona a kan tamfol ko tabarma har ya bushe ƙayau, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a zubar da abin da ya yi fumfuna. Manomin da ya sami hali ya tambayi malamin gona labarin Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar domin rage gubar tun daga gona. Rigakafin ciwon hanta nau'in B kuwa yana cikin alluran yara a ƙasar nan tun 2004, kyauta ne, kuma ta farko an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Maigida, kada ka jira ranar suna. Ranar da aka haihu, a kai jaririn asibiti a yi masa.